Ruwa Biyu, Baka Biyu

Ƙarfe biyu da kwata, Mabera ta yi tsit,
zafin bazara ya kwanta kan kwano ya ƙi tashi.
Ni kaɗai a ɗakin uwar garke,
fanka na juya iska kamar mai tuƙa tuwon da ya sha wuta.

Ran Litinin muka sauya wa injuna adireshi.
Na da gajere ne, lamba huɗu, ɗigo uku,
ina riƙe da shi a ka kamar sunan ƙanena.
Na yanzu zango takwas ne,
haruffa da lambobi a cakuɗe,
ruwa biyu tsakanin zango da zango,
dogon kirari ga akwatin da bai kai buhun gero ba.

Tun ranar jakar sakamako ta ƙi ratayuwa.

Inno ta ɗakin gwaji ta leƙo karo na uku:
"Modi, mi ka faruwa?
Mutum goma sha ɗaya na bisa benci,
wata tun daga Gwadabawa tat taho da jinjiri,
sakamakon jininai na cikin wanga akwati naka."
Na ce saura kaɗan.
Ta ce, "Haka kac ce da hantsi."

Na yi sallama, uwar garke ta amsa,
sau huɗu, ko ɗaya bai ɓata a hanya ba.
To, tana da rai. Nono ne ta hana.
Na buɗe jerin baƙin da ta yarda su shigo,
duk tsofaffin sunaye, na maƙwabtan da suka tashi.
Na rubuta sababbi, na girgiza ta ta farka.
Shiru.
Na zagaya katangar tsaro,
ashe biyu ce:
ta tsohuwar hanya a wangale, ba mai bi,
ta sabuwa a garƙame har da sakata.
Na buɗe ƙofa ta dubu biyu da arba'in da tara,
na share gumi, na ce an gama.
Allo ya ce bai san mai wannan suna ba.

Sai wuta ta ɗauke.
Jabbi ya ja igiyar janareto sau bakwai yana faɗa da shi,
ni ina ƙirga ƙarar batir kamar mai ƙirga bashi.
Jinjirin can waje ya soma kuka,
kukan da ya gaji, wanda ba ya neman kowa.

Inno ta dawo, wannan karon ba ta tambaya ba.
Ta tsaya bayana, safar hannu a aljihu,
tana bin layin da ido, baki na motsi.
Ta ce, "Wanga ruwa ya yi yawa.
Ina suna yaƙ ƙare, ina gida yaf fara?
Ni in na rubuta lambar majinyaci ga kwalba,
kewaye ta nika yi,
kada ta gudu ta shiga kwanan wata."

Na dubi layin.
Ruwa biyu bakwai na adireshi,
na takwas mai raba adireshi da jaka,
duk kamarsu ɗaya, kamar jajayen awaki a kasuwar Kara.
Ta ina inji zai gane tasa?

Baka a gaba. Baka a baya.
Na danna.

Allo bai ce komai ba.
A wannan sana'a haka ake cewa madalla.

Na ji firinta ta yi tari a ɗakin gwaji,
takarda na fita ɗaya bayan ɗaya, da ɗumi.
An kira sunan matar Gwadabawa kafin la'asar,
ta gyara goyo, ta ninke takarda huɗu, ta nufi tasha.

Na yanki farin salatif na manna a goshin akwatin,
na zana baka biyu, ba komai a tsakaninsu.
Inno ta leƙo, ta gani,
ta ce in mayar mata da alƙalaminta.